Ina Barbushe Ya Shiga? Ɓacewar Maharbin Dala Daga Tarihin Kano

Da wuya a sami Bakano wanda bai taɓa jin sunan Barbushe ba, maharbin nan na Dutsen Dala kuma mai kula da tsafin Tsumburbura. Sai dai idan ɗalibi ya tambayi malaminsa yadda mutumin ya ƙare, nan ake yin shiru. Ba a rubuta rasuwarsa ba, ba kuma wanda ya nuna kabarinsa a cikin badala ko a wajenta.

Madogararmu a kansa ita ce littafin nan na Larabci, Tarihin Kano, wanda ya tsaya a kan Sarki Muhammadu Bello da ya rasu a 1893, wanda kuma H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908. A ciki an ce Barbushe daga zuriyar Dala yake, ƙaƙƙarfan maharbi mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Shi kaɗai ke shiga shingen da ya kewaye itaciyar Tsumburbura. Sau biyu a shekara yake saukowa daga dutse, jama'a su kawo baƙin bunsuru da baƙar kaza da baƙin kare, ya shiga da dare, ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. A wata fitowa ce ya gaya musu cewa wani baƙo zai zo da runduna ya mallake su, in ba a zamaninsu ba to a zamanin 'ya'yansu. Daga nan littafin ya koma kan Bagauda (999–1063), ba a sake ganin Barbushe ba.

Ɓatan maharbi ba sabon abu ba ne a tarihin duniya. Sarkin Farisa Bahram Gur (420–438) an ce farauta ya fita ya faɗa rami, ba a ga gawarsa ba. Amma shi marubutan ƙasarsa sun bar ruwayoyi a kan ƙarshensa. Barbushe kuwa littafin bai ba shi ko layi ɗaya ba.

Duk da haka akwai alamomi uku. Ta farko, littafin ya ce Bagauda ya tarar manyan mutanen Barbushe duk sun ƙare sai biyar, cikinsu har da Hambarau da Jandamisa. Wanda mabiyansa suka tsufa suka mutu, da wuya a ce shi yana raye. Ta biyu, littafin bai ɓoye cewa Bagauda ya kashe Jankare, ɗaya daga shugabannin da ya tarar, ba. Da Barbushe ya faɗi a hannunsa, da wannan ce nasarar da za a fara ambata. Ta uku, wurin da ya fi dacewa a adana labarinsa an shafe shi: Sarki Tsamiya (1307–1343) ya karya shingen, a zamanin Yaji (1349–1385) aka gina masallaci a gindin itaciyar bayan zuwan Wangarawa, sannan Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya sare ta bisa shawarar Shehu Magili.

Abin da ya fi kusa da hankali ke nan shi ne Barbushe ya rasu tun kafin Bagauda ya zo ya zauna a Sheme. Dalilin shirun kuwa, littafin na sarakuna ne: jinin Bagauda yake ƙirgawa, da shekarun mulkin kowannensu. Barbushe share fage kawai ya yi. Hannun Musulmi na baya ne ya rubuta shi, shi ya sa ma ya kira ranakun saukowarsa ranakun Idi, alhali Musulunci bai iso ba tukuna. Binciken masu tonon kayan tarihi ya nuna ana narka tama a Dala tun wajen ƙarni na 7, wato zaman mutanen Dala na kusan shekara 300 aka dunƙule a 'yan shafukan farko.

Saboda haka ina kira ga malamai, idan an yi musu wannan tambaya, su bambanta wa yara abin da aka rubuta da abin da ake hasashe. Dattawan unguwannin Dala da Madigawa da Jakara kuwa, duk mai wata ruwaya da ya gada daga kakanni, ya dace a rubuta ta da sunan wanda aka ji ta daga gare shi, tun masu ita suna raye. Allah shi ne masani.