Makarantar gwaji ta 1973 da ƴaƴan ƙauyukan Arewa

Tun da kundin sake gina ƙasa na Nijar ya fito a watan Maris na 2025, ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, gardama ba ta kwanta ba a fadodin shayi na Dogon Dutsi. Wani malamin firamare daga wajen Geceme ya aiko da tambaya: an taɓa gwada koyar da yara da Hausa a makarantar gwamnati kuwa? An taɓa, malam. Gwajin ma ya girmi yawancin masu riƙe da alli a yau.

Sai an san abin da ake gudu kafin a gane gwajin. A 1924 gwamnan Faransa da ke Dakar ya sa hannu a dokar da ta ce Faransanci kaɗai za a ji a lakwal, ta kuma hana malami yi wa ɗalibinsa magana da harshen gida. Dokar ta rayu bayan masu ita sun tafi. Mu da muka zauna a aji a wani ƙauyen Arewa mun san ta da sunan sambol. Namu ƙashin jaki ne da aka huda aka zura wa igiya. Wanda bakinsa ya suɓuce ya ce "ba ni allona" sai a rataya masa, shi kuma ya wuni yana laɓe bayan ƴan'uwansa ko wani zai yi kuskure ya sauke masa. Wanda ƙashin ya kwana a wuyansa, da safe bulala. Mun iya rera abin da malam ya rubuta kamar karatun aku, amma da yawanmu mun kai aji uku ba mu san abin da muke faɗa ba.

Ga kuma dangi can ƙetaren iyaka, a Kangiwa, Arawa irinmu, suna karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo da littattafan Abubakar Imam. Dogon Dutsi ta yi suna wajen fitar da ƴan boko, musamman bayan ƴan mishan Katolika sun zauna a garin a 1947, amma wannan labarin gari ne. Lokacin da Nijar ta samu ƴanci a 1960, yaran da ke makaranta a faɗin ƙasar ba su kai biyar cikin ɗari ba.

A 1964 Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya tsaya kai da fata a kan a koyar da yaro da harshen uwarsa. Bayan shekara biyu masana suka taru a Bamako suka daidaita yadda za a rubuta Hausa da wasu harsunan yankin. A 1973, shekara guda kafin Seyni Kunce ya hamɓarar da Jori Hamani, aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram. Yaro zai fara karatu da rubutu da lissafi da Hausa a shekarun farko, ana shigo masa da Faransanci sannu a hankali, sai daga baya Faransanci ya karɓi ragama. Aka bi da Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci.

Shekara ashirin da ɗoriya bayan haka, makarantun nan ba su kai hamsin ba a ƙasar baki ɗaya, kuma ba su rabu da sunan gwaji ba. A nan ne labari ya rabu biyu.

Mutanen ofis suna cewa iyaye ne suka ƙi. Wai manomi ya ce shi bai kai ɗansa lakwal don ya koyi Hausa ba, Hausa akwai ta a gida. Abin da yake nema shi ne harshen da zai sa yaron ya zama likita ko ɗan duwan. Akwai gaskiya a ciki, na ji wannan magana da kunnena a Matankari. Sai dai manomin nan ba wawa ba ne. Ya duba ya ga jarabawa da Faransanci ake yi, takardar neman aiki da Faransanci, manyan da ke yabon makarantar gwaji a rediyo kuma ƴaƴansu suna makarantun Faransanci a Yamai. Wa zai ba da ɗansa a yi gwaji da shi?

Tsofaffin malaman makarantun kuwa cewa suke gwamnati ce ta haifi abin ta yar. Littattafai ba su isa ba. Malamin da aka horar da Hausa sai a ɗauke shi a kai wani wuri, a kawo wanda bai taɓa rubuta ƙ ko ɗ ba. Ni dai maganarsu ta fi kama mini hankali, domin duk lokacin da aka auna yaran ba su kunyata malamansu ba. Binciken da Mart Hovens ya wallafa a 2002 ya nuna waɗanda suka fara da harshen gida sun fi iya karatu, har da na Faransancin, kuma ƴaƴan karkara su suka fi cin moriya. Abin da aka auna aka ga yana aiki, aka bar shi a makarantu ƴan ƙalilan, ai ba a ɗora wa manomi laifinsa.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne ɗan Arewa ne ya sa wa maganar hannu a doka. Dokar tsarin ilimi ta ranar 1 ga Yuni 1998, wadda ta amince a koyar da harsunan ƙasa tare da Faransanci, a zamanin Ibrahim Bare Mainasara ta fito. Ba a cika shekara ba aka kashe shi, ranar 9 ga Afrilu 1999, aka kai shi Dumega aka rufe.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Aka buɗe makarantu a ƙauyuka birjik, aka cika su da malamai ƴan kwantaragi, ajujuwa da yawa na zana da kara, waɗanda sai an gama girbin hatsi ake kafawa. Sabon tsarin karatu da harsunan gida ya shiga ɗaruruwan makarantu, daga baya dubbai, littattafai na biye a baya da tafiyar hawainiya. A 2017 aka yi wa ƴan kwantaragi jarabawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka samu rabin maki.

Malamin Geceme ya ce yara sittin da wani abu gare shi a aji ɗaya, littafin karatun Hausa guda ne, shi ma a hannunsa yake. Kowace safiya sai ya kwafe shafin ranar a babban allo kafin yara su shigo.