Tarihin takardar magani a ƙasarmu, da uwar da aka bari a baya

A shekarar 2004, ina sabon fitowa daga makarantar horar da malamai ta Maradi, aka tura ni wani ƙauye tsakanin Dakoro da Kornaka. Duk wanda ya koyar a ƙauye ya san aikin mushe ba ya ƙarewa a aji. Kai ne mai karanta wasiƙa, kai ne kuma mai karanta takardar magani, wadda muke ce wa ordonansi. Wata rana da la'asar maƙwabciyata ta shigo da goyo, ta miƙo mini takarda da kwalbar siro, ta ce: "Mushe, duba mini, an yi mini bayani a can amma kukan yaro ya hana ni ji." Rubutun kamar kaji sun yi tono. Na ga "1 c à", sai harafin ƙarshe ya murɗe, ko c ne ko s. Na ce mata babban cokali. Ashe ƙarami ake nufi. "C à c" cokalin shayi ne mai mililita 5, "c à s" kuwa cokalin miya ne mai mililita 15. Sau biyu aka ba yaron ninki uku na abin da aka rubuta. Cikin dare ya yi ta amai har ya galabaita, aka ɗora shi a amalanke aka koma gidan likita. Allah ya kiyaye, ya tashi. Majo bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi: "Malam, da ka aiko an tambaye ni."

Abin ya dawo mini ne saboda maganar da ake yi yanzu ta rubuta magani da kwamfuta. Kafin mu yi murna ko mu yi tsaki, ya kamata mu waiwayi hanyar da wannan takarda ta biyo har ta iso hannunmu.

Kakanninmu ba su san ta ba. Boka ko wanzami ko ungozoma, wanda ya duba ka shi ne zai ba ka magani da hannunsa, ya kuma faɗa maka da Hausa yadda za ka jiƙa da yadda za ka sha. Rubutun da suka sani a harkar lafiya shi ne na malam a kan allo, wanda ake wankewa a sha. Takardar likita ce ta raba aikin gida uku: mai rubutawa, mai ba da magani, da mai shayarwa a gida.

Turawan Faransa suka zo da ita. A 1905 suka kafa hukumar kula da lafiyar ƴan ƙasa a yankinsu na Afirka ta Yamma, a 1918 suka buɗe makarantar likitoci a Dakar. Amma a karkara irin tamu ɗan abin da ke akwai shi ne dispanser da infirmiye guda, kuma galibi a nan take ake ba mutum ƙwaya ya haɗiya ko a yi masa allura. Bayan samun mulkin kai, gwamnati ta kafa ONPPC a 1962 don shigo da magani da rarraba shi ta farmasi na gwamnati. Cikin shekarun 1960 kuma jihar Maradi na daga cikin wuraren da aka fara horar da masu agajin farko da ungozomomi a ƙauyuka, ana ba su ɗan akwatin magani. Wannan tsari ya yi kusa da na kakanni, domin mai ba da maganin ɗan garin ne, da harshen garin yake bayani.

Takarda ta yi ƙarfi ne lokacin da magani ya yi ƙaranci. Da kuɗin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, asusun gwamnati ya bushe, kantocin dispanser suka zama wayam. A hukumance magani kyauta ne, a zahiri kuwa sai a duba ka a miƙo maka takarda ka je ka saya. Iyayenmu suka fara jin kalmar ordonansi da faɗuwar gaba. Abin da ake rubutawa kuma yawanci sunayen kamfanonin Faransa ne masu tsada.

A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da shirin Bamako: jama'a su biya ɗan kuɗi, a riƙa sayo magani mai rahusa da su, kada kanta ta bushe. Nijar ta gwada shi a 1993 a Boboye da Say. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga 50 zuwa 100. Ina kwaleji lokacin, na tuna mahaifina ya dawo da takarda a aljihu, ya sayi biyu cikin magunguna huɗu, shi da kansa ya zaɓi waɗanda zai bari. A 1995 aka yi dokar biyan kuɗin jinya a ƙasa baki ɗaya, aka koma ga magunguna masu ɗauke da sunan sinadarinsu, irin su parasetamol da amoksisilin. Aka kuma ba ma'aikatan CSI littafin jagora mai bin ciwo mataki-mataki: in ka ga kaza, tambayi kaza, ba da kaza. Ku riƙe wannan littafi a zuciya, za mu sake haɗuwa da shi.

Mu mutanen Dakoro ba za mu manta 2005 ba, shekarar da ƙungiyar MSF ta buɗe cibiyar jinyar yara masu tamowa a garin nan. A 2006 gwamnati ta ayyana jinya kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki. Mata suka cika gidajen likita, abin alheri ne. Sai dai kuɗin da gwamnati za ta mayar wa cibiyoyin ya riƙa jinkiri, magani ya riƙa yankewa, takarda ta sake fitowa waje. Wanda bai iya farmasi ba ya nufi mai tallar magani a kasuwa. Shi kuwa mai talla, duk da haɗarin kayansa, ya gane wani abu: da Hausa yake bayani, kuma yakan ja zane a jikin kwali, ɗaya safe, ɗaya rana, ɗaya dare.

A ƙasashen da suka riga mu, mummunan rubutun likita ya daɗe da zama abin kuka. A jihar Texas ta Amurka wani mutum ya mutu a 1995 bayan mai farmasi ya karanta Isordil a matsayin Plendil, kuma a 1999 kotu ta ɗora alhaki a kan likitan da mai farmasin. Ƙasar Suwidin ta aika takardar magani ta farko ta kwamfuta tun 1983. Ingila ta fara nata tsarin a 2005, Estoniya ta mayar da shi na ƙasa baki ɗaya a 2010. Likita ya zaɓi magani a kwamfutarsa, saƙo ya tafi farmasi, mara lafiya ya je ya karɓa.

Likitocin iyali na can, waɗanda matsayinsu ya yi kama da na majo a CSI, sun yaba da abubuwa da dama. Babu sauran harafin da ya murɗe. Takarda ba ta ɓacewa, yi mata jabu ya yi wuya, kwamfuta kuma tana tunatar da likita idan magani biyu ba sa haɗuwa. Amma sun kawo ƙorafi iri-iri. Gargaɗin yakan yi yawa har likita ya saba danne shi ba tare da ya karanta ba. Yatsa yakan zame ya zaɓi layin da ke ƙasa da wanda ake nufi, kuskuren ya fito da tsabtataccen rubutu wanda ba mai zarginsa. Idan na'ura ta tsaya, layi ya tsaya. Wasu kuma sun ce idonsu ya koma kan gilashi, ya bar fuskar mara lafiya.

Abin ya matso kusa da mu. A Burkina Faso ƙungiyar Terre des hommes tare da ma'aikatar lafiya sun raba wa ma'aikatan jinya kwamfutar hannu mai jagorar duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar, aka faɗaɗa shirin daga 2014. A jihar Adamawa ta Najeriya an fara irinsa mai suna ALMANACH a 2016. Wannan littafin jagora ne na shekarun 1990 ya koma cikin na'ura: a sa nauyin yaro, ta lissafo awon magani. A wajenmu kwamfuta ta fara shiga harkar lafiya ta ƙofar rahoto, wato manhajar DHIS2 da ake aika alƙaluma da ita zuwa Yamai. Takardar da nake karɓo wa ƴaƴana har yau da biro ake rubuta ta. Kuma duk wanda zai kawo mana sabon tsari sai ya yi lissafin rezo da wuta, domin mun ga yadda aka yanke lantarkin da ke zuwa daga Najeriya a watan Agustan 2023.

Da kwamfuta aka rubuta takardar maƙwabciyata, da ban rikita c da s ba, wannan gaskiya ne. Amma da har yanzu sai ta zo wurina. A duk matakan nan, daga 1905 zuwa yau, gyaran da ake yi tsakanin mai rubutawa ne da mai ba da magani. Ta ukun, wadda za ta tashi cikin dare ta auna siro da hasken tocila, ba a taɓa rubuta mata komai da harshenta ba. Wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai na manyan ƙasar nan suka iya karatu, mata kuma sun fi ƙaranci. In aka koma tsarin da saƙo ke tafiya daga na'ura zuwa na'ura, ko takardar da za ta nuna wa mushe ba za ta samu ba.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To ga wurin da za a gwada maganar. Na'urar da ta iya lissafa awon magani za ta iya buga "ƙaramin cokali ɗaya, safe da rana da dare, kwana biyar", da hoton cokalin a gefe. Za ta iya faɗarsa da murya, da Fulatanci da Tamajak ma, saboda ƴan uwanmu na wajen Bermo. Iyayen da ke cikin kwamitocin lafiya su nemi wannan tun kafin a sayo na'urorin.

Mu malamai kuma akwai namu. Tun daga waccan shekara, duk ajin CM2 da na riƙe sai na ware darasi biyu a kan ordonansi: cp ƙwaya ce, "x 3/j" sau uku a rana, "pdt 5 j" har kwana biyar, sannan mu auna mililita 5 da 15 da ruwa a gaban kowa. Ƙa'idar farko da nake rubuta musu a allo ita ce, harafin da ba ka tabbatar ba kada ka yi cinke, koma ka tambaya. Iyaye kuma kada ku bar gaban majo sai kun maimaita masa da bakinku: nawa, sau nawa, kwana nawa. Ba rashin kunya ba ne, kuma ba ya ɗaukar minti ɗaya.

Yaron nan yanzu magidanci ne, yana sayar da hatsi a kasuwar Dakoro. Bai san labarin ba. Uwarsa ta sani, kuma ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.