Ƙidayar Itatuwan Gona a Sahel da Hotunan Taurarin Ɗan'adam: Abin da Sabbin Na'urori Suke Gani da Abin da Ke Kuɓuce Musu

Tsakure

Maƙalar ta waiwayi ayyukan da aka wallafa kan auna itatuwan Sahel daga sararin samaniya, tun daga Landsat zuwa hotuna masu kaifin rabin mita. Hujjar da ta kafa ita ce kaifin hoto kaɗai bai wadatar ba: lokacin ɗaukar hoton da sanin ɗabi'ar itacen su ne ke tabbatar da ingancin ƙidaya.

Gabatarwa

Tun da Amurka ta harba Landsat na farko a 1972, masana suka samu damar bin sauyin doron ƙasa ba tare da sun taka ko'ina ba. A 2008 aka buɗe rumbun hotunan kyauta ga kowa. Sai dai kowane ɗigo a hoton Landsat yana wakiltar fili mai mita 30 tsawo da faɗi, wato murabba'in mita 900. Itace guda a tsakiyar gonar gero yakan narke cikin launin rairayin da ke kewaye da shi. Ga kuma ma'anar daji da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya take aiki da ita: fili ya wuce rabin hekta, inuwar itatuwa ta haura kashi 10 cikin ɗari, kuma kada ya zama gona. Da wannan ma'auni, yawancin itatuwan Maraɗi da Damagaram ba su shiga lissafi ba.

Illar hakan ta bayyana a Nijar. Manoma sun shafe shekaru tun daga 1980 da 'yan kai suna sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona maimakon sare shi. Sai da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbi, shi da Chris Reij da abokan aikinsu 'yan Nijar, kana aka ƙiyasta cewa aikin ya kai hekta miliyan 5.

Sabbin na'urori

Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, ya rage ɗigon zuwa mita 10, kuma tagwayensa suna komowa wuri guda duk kwana 5. Sentinel-1 kuwa na'urar rada ce, tana aika nata sigina ta saurari amsa, don haka girgijen Agusta da hazon hunturu mai tasowa daga kwarin Bodele na Chadi ba sa rufe mata ido.

Babban sauyi ya zo a 2020, lokacin da Martin Brandt na Jami'ar Kofanhagen da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar Nature. Sun yi amfani da hotunan kasuwanci sama da 11,000 masu kaifin rabin mita, suka zana kewayen itatuwa kusan 90,000 da hannu domin koya wa kwamfuta, sannan ta ƙidaya itatuwa fiye da biliyan 1.8 a murabba'in kilomita miliyan 1.3 na yammacin Sahara da Sahel. A 2023 Compton Tucker na NASA ya jagoranci faɗaɗa aikin daga Atlantika zuwa Bahar Maliya, adadin ya kai biliyan 9.9.

Matsalar gawo da sabara

A nan ne ya kamata mai nazari ya tsaya. Ma'aunin kore da aka fi dogaro da shi yana kwatanta jan hasken da ganye ke shanyewa da wani haske na bayan ja, wanda ido ba ya gani, da ganyen ke mayarwa sama. A damina gero da dawa da ciyawa da itace duk kore ne, raba su yana da wuya. Gawo kuma, wanda ya cika gonakin kudancin Damagaram, yana kaɗe ganyensa da damina ya sake tohowa da rani. Wannan ɗabi'a ce ta sa manomi ke ƙaunarsa, tunda ba ya hana gero rana. Hoton Agusta zai nuna shi tsirara, hoton Janairu kuwa ya fito da shi fili bisa gonar da aka girbe. Amma a Janairun kuka ta riga ta zubar da nata ganyen. Ke nan babu wata guda da zai yi wa kowane itace adalci. Masu ƙidayar sun fi karkata ga farkon rani, zaɓi mai ma'ana, sai dai kowane zaɓi yana da wanda ya rage.

Matsala ta biyu kuma, ƙidayar 2020 ta ɗauki itacen da faɗin kansa ya wuce murabba'in mita 3 ne kawai. Tohon sabara da kalgo, waɗanda da su sassaben zamani ke farawa, sukan yi shekaru ba su kai haka ba. Mai son sanin ko manoman wani ƙauye sun karɓi dabarar a bara ba zai samu amsa daga sama ba, sai ya shiga gona. A ganin wannan maƙala, ƙididdigar da ba a gwada ta da awon ƙasa na rani da damina ba, bai kamata a gina shirin dashe ko cinikin kabon a kanta ba.

Sai batun mallaka. Hotunan rabin mita na kamfanoni ne, tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin sassan nazarin ƙasa na jami'o'inmu. NigeriaSat-2 da aka harba a 2011 yana da kaifin mita 2.5, amma an tsara shi ne ya yi shekara 7. Abin da ke hannun mai bincike a Kano ko cibiyar AGRHYMET ta Yamai shi ne Sentinel da Landsat, kuma haɗa jerin hotunansu na wata-wata da sanin lokacin tohon kowane itace yana iya raba gawo da kuka ko da ɗigon ya kai mita 10, muddin itacen babba ne.