Yadda Rum Ta Mayar Da Waɗanda Ta Ci Da Yaƙi 'Ya'yanta

A shekara ta 216 kafin Miladiyya, Hanibal, sarkin yaƙin Kartaj, ya yi wa rundunar Rumawa kaca-kaca a filin Kanne da ke kudancin Italiya. Lissafinsa shi ne garuruwan da Rum ta mallake za su juya mata baya. Wasu sun juya, har da Kapuwa, amma yawancin na tsakiyar Italiya suka tsaya tare da ita, suka ci gaba da ba ta mayaƙa. Bayan shekara 14, Rumawa suka karya Hanibal a Zama, a ƙasarsa.

Asirin yana cikin yadda Rum take bi da wanda ta ci. Daga ƙawayenta na Italiya, abin da take nema shi ne sojoji, in an ci nasara kuma a raba ganima tare. Wasu garuruwa ta ba su cikakken matsayin ɗan ƙasa, wasu ta ba su 'yancin ciniki da auratayya ba tare da ƙuri'a ba. Ta haka kowace nasara take haifar da rundunar da za ta ci ta gaba.

Kada a ɗauka tausayi ne. A shekara ta 146 kafin Miladiyya, Rum ta rushe Kartaj da Korinti, ta sayar da mutanensu bayi. Ƙawayen Italiya ma sai da suka ɗauki makami a shekara ta 91 kafin aka amince musu da cikakken matsayi. Rum takan buɗe ƙofa ne idan rufe ta ya fi tsada.

Zamanin sarakuna, ƙofar ta ƙara faɗi. Baƙon da ya yi shekara 25 a rundunar taimako yakan fita da shaidar zama Barume, rubuce a kan tagulla. A shekara ta 48 Miladiyya, Sarki Kalaudiyus ya nemi a shigar da manyan Gol, wato Faransa ta yau, majalisar dattawa. Tarajan, wanda daular ta kai iyakar faɗinta a hannunsa, haifaffen Sifaniya ne. Sabtimiyus Seberus, da ya hau mulki a 193, ɗan Leptis Magna ne a Libiya ta yau.

Ɗansa Karakalla ya kammala aikin a 212, ya mayar da kusan duk wanda ba bawa ba ɗan ƙasa. Masanin tarihi Kasiyus Diyo ya ce kwaɗayin haraji ne ya sa shi, domin 'yan ƙasa ne ke biyan harajin gado. Amma da matsayin ya zama na kowa, darajarsa ta ragu: doka ta koma bambanta masu hali da talakawa, har talaka ɗan ƙasa yana shan bulalar da a da aka haramta a kansa.