Lodin Dutse a Bakin Ikko

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, bayan na ajiye aiki na komo Tungar Guru, shi ne takaicin samarin da na gani a mashayar Gulbin Zamfara suna jibga buhuna a goshin kwalekwale, kai ka ce ruwa ya yi musu alkawarin amana.

Mu da muka yi dakon dutse a bakin Ikko, sa'ad da ake toshe wuraren da igiyar ruwa ta ci a ganuwar teku, ba haka aka tarbiyyantar da mu ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, Bakabe ne, yana cikin waɗanda suka ga farkon aikin tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da ake fasa dutse mai tauri irin na Kwatarkwashi a Aro, kusa da Abekuta, jirgin ƙasa ya sauko da shi bakin ruwa, sa'an nan a loda wa jiragen dako, ƙaramin jirgi mai inji ya ja su zuwa mashigar teku, inda tudun rairayi ya daɗe yana tare manyan jirage.

Ƙa'idarsa ita ce ba a ɗora dutse na biyu sai an ga hukuncin da ruwa ya yanke wa na farko. Yakan tsuguna a gefen jirgin dako da gora mai tsaga-tsaga, ya auna dama, ya auna hagu, in ya sami bambancin ɗan yatsa biyu sai a sake zaman lodin baki ɗaya, ko da rana ta yi tsaka. Wata rana wani ɗan sarari mai takardar shaida ya yi masa gardama, har ya sa aka yanke mana kuɗin yini. Tsohon bai ce uffan ba illa hasbunallahu. Ni dai har yau ban yafe sulen nan ba.

Af, na tsallake abin da ya fi alfahari da shi: a 1914 jirgin wasiƙu mai suna Akoko ya shige har cikin tashar Ikko, shi kuwa yana tsaye bisa duwatsun da ya ɗauko da hannunsa. Turawan da suka zana taswira an rubuta sunayensu, nasa babu.

Ya ku samarin mashaya, ku sari gora ku yi mata tsaga kafin ruwan Agusta ya iso.