Ja Ko Kore? Tarihin Gardamar Launi Tsakanin Maza Da Mata

Duk wanda ya taɓa raka mace sayen atamfa a Kasuwar Kongo ta Duwala ya san wannan gardamar. Ita ta ce zanen ruwan goro ne, shi ya ce ja ne, a ƙarshe ta ce, "Malam, kai dai ba ka gane launi." Mu a Niyu Bel wasa muka ɗauki maganar. Amma akwai mazan da a kansu gaskiya ce tsagwaronta, kuma an fi shekara 200 ana bin diddiginta.

A 1794 wani masani ɗan Ingila, John Dalton, ya bayyana wa taron masana a Mancesta cewa furen da mutane ke kira ruwan hoda shi shuɗi yake ganinsa da rana. Ɗan'uwansa Jonathan ma haka. Dalton ya zaci ruwan cikin idonsa ne ke da shuɗi, har ya bar wasiyya a duba idon bayan mutuwarsa. Da ya mutu a 1844 aka duba, sai ga ruwan garau. Sai a 1995, da aka gwada ƙwayoyin gadon da ke cikin ragowar idon, aka gano ba shi da ƙwayar da ke kama kore. Daga sunansa Faransanci ya samo kalmar "daltonisme", wadda likitocin Kamaru ke amfani da ita har yau.

Abin ya daina zama labarin masana ne ranar da jiragen ƙasa biyu suka yi karo a Lagerlunda ta ƙasar Suwidin a 1875. Wani likita, Frithiof Holmgren, ya yi zargin rashin bambance jar fitila da koriya ne sanadi. Ya fito da gwajin zaren ulu masu launi iri-iri, aka fara tantance ma'aikatan jirgi da shi. A 1917 kuma likitan Japan Shinobu Ishihara ya fitar da katunan ɗige-ɗige masu ɓoyayyun lambobi, waɗanda ake amfani da su har gobe.

To me ya sa maza suka fi samun matsalar? A 1876 likitan ido Johann Horner ya lura tana tsallakowa daga kaka na wajen uwa zuwa jikansa namiji, alhali uwar tana gani lafiya lau. A 1911 Edmund Wilson ya danganta ta da ƙullin gado da ake kira X. Mace na da biyu, namiji ɗaya. In nata ɗaya ya samu tangarɗa, ɗayan ya rufa masa asiri. Namiji kuwa ba shi da madogara. Shi ya sa a Arewacin Turai take shafar kusan namiji 8 cikin 100, mace kuwa kusan 1 cikin 200. A Afirka adadin bai kai haka ba, amma a nan ma maza ne a gaba.

Kada dai mata su yi saurin tafi. Yawancin maza idonsu ƙalau yake, rashin sabo ne ya hana su raba tsanwa da algashi. Marinan Ƙofar Mata a Kano maza ne, kuma ba mai koya musu matakan shuni.

Abin dubawa shi ne yaranmu. Yaron da ke shafa wa ganye jan fenti a makaranta, kafin a kira shi dolo ko a ɗauko bulala, a kai shi asibitin ido. Gwajin mintuna kaɗan ne. Babu maganin da ke warkar da ita, kuma ba laifin uwarsa ba ne. Amma gara ya sani tun yana ƙarami, kafin ya hau babur ya tsaya a gaban danja, ko ya kashe shekaru yana karatun aikin da za a mayar da shi gida ranar gwajin ido.