Yadda Matasan 'Yan Wasa Suka Zama Kuɗin Ciniki a Besbol

Duk shekara idan watan Yuli ya kama, jaridun wasanni na Amurka sukan cika da raɗe-raɗi iri guda: ƙungiyar besbol kaza tana shirin ba da matasanta uku ko huɗu domin ta karɓi gwanin jifa ɗaya daga ƙungiyar da kakar bana ta riga ta kuɓuce mata. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafar Turai zai yi mamaki, domin a can kuɗi ake zubewa a ɗauki ɗan wasa. A babbar gasar besbol kuwa mutum ake bayarwa a karɓi mutum, ban gishiri in ba ka manda, kuma galibi waɗanda ake bayarwar ba su taɓa taka babban fili ba. Nan take magoya baya suke rabuwa biyu, wasu na cewa an sayar da gobe saboda yau, wasu na cewa kofi ba ya jiran kowa. Tarihin al'adar ya nuna cewa ɓangarorin biyu sun fi kallon sunayen 'yan wasa, alhali abin da shugabannin ƙungiyoyi suke aunawa shi ne shekarun da suka rage kafin kowane ɗan wasa ya sami ikon tafiya inda ya ga dama.

A da can babu wannan lissafi. Tun daga 1879 masu ƙungiyoyi suka ƙulla wani sharaɗi da ke ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa har sai ita ta sake shi, don haka mai neman gwani sai ya ɗauko kuɗi kawai. Da haka Boston ta sayar wa New York Yankees da Babe Ruth a ƙarshen 1919 a kan dala 100,000. A shekarun 1920 Branch Rickey na St. Louis Cardinals ya kafa tsarin mallakar ƙananan ƙungiyoyi inda ake renon matasa, abin da ya ba kowace babbar ƙungiya rumbun 'yan wasa masu tasowa. Amma rumbun bai zama kuɗin ciniki sosai ba sai da abubuwa biyu suka faru kusan a jere. A Disamban 1975 mai sasanci Peter Seitz ya yanke hukunci a shari'ar majefa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, wanda ya karya tsohon sharaɗin, sannan yarjejeniyar 1976 ta ba duk wanda ya cika shekara shida a babbar gasa 'yancin zaɓen ƙungiya. A Yunin 1976 kuma Charlie Finley, mai ƙungiyar Oakland, ganin taurarinsa za su tafi a banza, ya yi yunƙurin sayar da Vida Blue ga Yankees a kan dala miliyan 1.5, da Rollie Fingers da Joe Rudi ga Boston a kan miliyan ɗaya kowannensu. Shugaban gasar, Bowie Kuhn, ya soke cinikin. Daga nan ƙungiyar da ta san gwaninta zai tafi ba ta da hanyar mai da shi tsabar kuɗi masu yawa, sai dai ta karɓi matasa. Su kuwa matasan darajarsu ta tashi, domin kowannensu yana ɗauke da shekara shida na hidima, ukun farko a kan albashi mafi ƙanƙanta a gasar. Da aka mayar da ranar rufe kasuwa daga 15 ga Yuni zuwa 31 ga Yuli a 1986, sai ƙungiyoyi suka sami isasshen lokacin sanin wa zai saya, wa zai sayar.

Dalilin da ya sa majefi ne aka fi kashe masa matasa yana cikin tsarin wasan. A kakar da ke da wasa 162, majefin da ke fara wasa yakan fito sau ɗaya a kwana biyar, wato kamar sau 32. Amma a zagayen ƙarshe na watan Oktoba, inda wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai ke wucewa, gwani ɗaya na iya fara biyu, wani lokaci uku. Nauyinsa a watan Oktoba ya zarce nauyinsa a watan Mayu nesa ba kusa ba.

Masu adawa da irin wannan ciniki suna da hujja ɗaya da ba sa gajiya da maimaitawa, kuma hujja ce mai ƙarfi. A ranar 12 ga Agustan 1987 Detroit Tigers ta karɓi Doyle Alexander, ɗan shekara 36, daga Atlanta Braves, ta ba da wani yaro ɗan shekara 20 mai suna John Smoltz. Alexander ya yi ritaya bayan kakar 1989. Smoltz kuwa ya ci wasa 213, ya lashe kyautar Cy Young ta gwarzon majefi a 1996, ya ɗaga kofin duniya da Atlanta a 1995, aka kuma shigar da shi zauren fitattu a 2015. Sai dai wannan labari ne da aka fara karantawa daga ƙarshe. A ranar cinikin, Smoltz yaro ne da aka zaɓa a zagaye na 22 na ɗaukar sababbin 'yan wasa, kuma yana fama a ƙaramar gasa. Detroit kuwa tana kafaɗa da kafaɗa da Toronto. Alexander ya ci wasa 9 bai sha kaye ko sau ɗaya ba, Detroit ta ƙwace rukuninta a ranar ƙarshe ta kaka. Gaskiya ne Minnesota ta fitar da ita a zagaye na gaba, amma abin da ta je kasuwa nema ta same shi, kuma ba ta sake leƙa wasannin Oktoba ba sai 2006, wanda ke nuna cewa damar 1987 ba irin wadda ake ajiyewa ba ce. Abin da ya sa sunan Smoltz ya zama abin tsoratarwa shi ne irinsa ba su da yawa. Ba wanda ke tuna sunayen ɗimbin matasan da aka bayar suka ɓace shiru.

Idan aka jera manyan cinikayyar da suka biyo baya, mai saye ne ya fi yawan yin dariya. A Nuwamban 1997 Boston ta ba Montreal Expos matasa biyu, Carl Pavano da Tony Armas Jr., ta karɓi Pedro Martinez, ta kuma ɗaure shi da kwantiragin shekara shida na dala miliyan 75. Ya lashe Cy Young a 1999 da 2000, kuma yana cikin waɗanda suka kawo wa Boston kofin 2004, na farko tun 1918. A Disamban 2016 Boston ta sake ba da Yoan Moncada da Michael Kopech da wasu biyu domin Chris Sale, wanda kwantiraginsa ke da sauran shekara uku, kuma shi ya yi jifan ƙarshe a wasan da ya ba ta kofin 2018. Houston ta karɓi Justin Verlander daga Detroit a ƙarshen Agustan 2017 da matasa uku, ta ci kofi a shekarar. A duka ukun mai saye ya sami shekaru, ba watanni ba, kuma a biyun ƙarshe ƙungiyarsa ta riga ta kai ƙarfin da mutum ɗaya zai iya cika ta. Ko haya ta 'yan watanni tana iya biyan kanta idan yunwar ta isa: Milwaukee ta karɓi CC Sabathia daga Cleveland a Yulin 2008, ya ci wasa 11 ya faɗi 2, ƙungiyar ta shiga wasannin Oktoba karon farko tun 1982, ko da yake da kaka ta ƙare ya tafi Yankees a kan dala miliyan 161, kuma ɗaya daga cikin matasan da aka bayar, Michael Brantley, ya zama tauraro a Cleveland.

Za a iya cewa hannun majefi ba shi da tabbas, jijiyar gwiwar hannu ɗaya ta tsinke sai shekara guda ta tafi. Haka ne, amma wannan haɗari ya fi cin matasan majefan da ake bayarwa, waɗanda har yanzu ba su nuna cewa jikinsu zai jure cikakkiyar kaka ba. Kopech kansa an yi masa tiyatar wannan jijiya a 2018.

Inda cinikin yake zama wauta shi ne idan sharuɗɗan biyu sun ɓace tare, wato ƙungiyar ba ta kai ba, kuma ba za ta iya riƙe gwanin ba. Montreal ta faɗa wannan rami sau biyu. A 1989 ta ba Seattle wani dogon yaro mai suna Randy Johnson da wasu biyu domin Mark Langston, ba ta ci rukuninta ba, Langston ya tafi California Angels da kaka ta ƙare, Johnson kuma ya lashe Cy Young sau biyar a wasu wurare. Na 2002 ya fi muni, kodayake yana da uzurinsa: a lokacin hukumar gasar ce ke riƙe da ƙungiyar, ana ta maganar rushe ta gaba ɗaya, don haka manajanta Omar Minaya bai ga amfanin tanadin matasa ga ƙungiyar da wataƙila ba za ta kai baɗi ba. Ya ba Cleveland Cliff Lee da Grady Sizemore da Brandon Phillips domin Bartolo Colon. Colon ya yi aikinsa, ya ci wasa 10, amma Montreal ta ƙare a bayan Atlanta da tazarar wasa 19, aka kuma tura shi Chicago White Sox a Janairun 2003. Dukan matasan uku sun zama taurari, Lee har da Cy Young a 2008. Ƙungiyar kuma ba a rushe ta ba, sai dai ta tattara ta koma Washington a 2005 ba tare da ko ɗaya daga cikin mutanen huɗu ba.